Me ya sa ba a rubuta mana dogon labarin soyayya na zamanin kakanninmu?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, yau dai na ce bari in kawo ta nan. Ni tun ina firamare nake karance-karance, har yau da nake da 'ya budurwa ban daina ba, amma abin da raina ya fi so shi ne dogon labarin soyayya da aka ɗora a kan zamanin da, irin wanda za a fara da kaka ana sa ta a lalle, a bi 'yarta, a gangaro kan jika, yaƙi ya ci gari, yunwa ta zo ta wuce, sarki ya rasu a naɗa wani, amma mutanen nan kana tare da su har ka san halin kowa. In littafi bai kwana biyu a hannuna ba wallahi ba na jin na karanta komai. To tambayata, me ya sa marubutanmu na Hausa ba sa yi mana irin wannan? Duk wanda ka ɗauka ɗan mai kuɗi ne ya dawo daga Landan, mota kaza, gida a Abuja, ita kuma 'yar talla ko 'yar aiki. Ba raina su nake ba, ina karantawa, amma ina Kano ta zamanin Rumfa, ina Katsina da Zazzau, ina fatake, ina matan da suka ga shigowar Turawa da idonsu? Ko dai babu masu son irinsa ne sai ni?

Ummu_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Wlh Maman Ilham kamar kin shiga zuciyata, ba ke kaɗai ba ce. Ni in na ga littafi siriri ko buɗewa ba na yi.

Dan_Kurmi:
Hajiya ai akwai su, sai dai in ba ki nema ba. Littattafan yaƙi fa? Mu da muka tashi a cikin gari su muka sha karantawa, sadaukai, gimbiya, takobi da garkuwa, wani ya kai littafi na shida bai ƙare ba, kuma duk cikinsu akwai soyayya don kusan kullum a kan 'yar sarki ake gwabzawa.

Maman_Ilham:
Dan_Kurmi na san su, ƙannena maza sun tara su a kwali, ni ma na karanta da yawa. Amma waɗannan ai ba tarihi ba ne, sarkin aljanu ne da boka da tsuntsu mai ɗaukar mutum, garin kuma ko Misra ko Farisa ko wani birni da babu shi a duniya. Ni wanda nake nufi in karanta in ga garinmu, a ce yarinya ta biyo ta marinar Ƙofar Mata da tallan furarta, magariba ta kawo kai an kusa rufe ƙofar gari, ayarin da saurayinta yake ciki bai iso ba. Abin da ya faru da gaske ko wanda zai iya faruwa.

Malam_Na_Zariya:
Hajiya tambayarki tana da tushe, bari in ɗan koma baya. Ƙagaggen labari na boko a Hausa ai har da tarihi aka fara shi. A 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara a nan Zariya ya sa gasar rubutu, aka fara buga waɗanda suka yi nasara a 1934. A cikinsu akwai Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, wanda ya taɓo yaƙin da aka yi da Turawa a wajen Kwantagora, akwai kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda gaba ɗayansa zamanin bauta ne da ayarin da ke keta Sahara. Kin ga ke nan an share hanyar tun farko. Sai dai an yi su ne don 'yan makaranta su samu abin karantawa, shi ya sa suke sirara, a zama ɗaya kin gama. Da aka zo zamanin littattafan soyayya na Kano daga wajen 1984 zuwa sama, su kuma marubutan matasa ne da matan aure masu buga littafi da kuɗin aljihunsu, abin da ke damunsu a lokacin shi suka rubuta, auren dole, kishiya, saki, karatun 'ya mace. Ban ga laifinsu ba, ciwon da ke jikinsu suka faɗa. Sai aka wayi gari tarihi yana hannun malaman jami'a, soyayya tana hannun marubutan kasuwa, ba wanda ya ɗaura musu aure.

Hajjo_Yola:
Malam ka tuna min. Shaihu Umar ba soyayyar saurayi da budurwa ba ce amma wlh ni ban taɓa karanta ƙauna irin ta uwar nan ba, ta bar gida ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu bayi aka kai ta Tarabulus. A aji muka karanta shi, na kifa kai a benci ina kuka. Da ace an ba matar nan littafinta ita kaɗai mai feji ɗari biyar, shi ne abin da Maman Ilham take nema.

Alƙalamin_Zee:
Ni marubuciya ce, ina sakin littafi a WhatsApp da Wattpad, bari ku ji daga ɓangarenmu. Ba wai ba ma so ba ne. In zan rubuta labarin yau na san me ake sawa a lefe, na san yadda ake kamu, na san yadda ake hira a waya, amma in na koma shekara ɗari da hamsin baya ko abin da amarya take shimfiɗawa a ɗaki sai na tambaya, wa kuma zan tambaya tsofaffin sun tafi. Ga masu karatu ba haƙuri, kullum sai kin saki feji, kika yi shiru kaɗan an cika miki waya da ina cigaba ina cigaba, to yaushe za ki je gidajen ajiyar tarihi irin Gidan Makama a Kano ko Arewa House a Kaduna ki zauna kina tono? Amma abin da ya fi min nauyi duk ba wannan ba ne, shekarun aure ne. A wancan lokacin yarinya sha uku sha huɗu an kai ta ɗaki, sau da yawa ba wanda ya tambaye ta ra'ayinta. In na rubuta shi yadda yake, ina soyayyar? In kuma na mai da ita 'yar ashirin da biyu mai zaɓen miji da kanta na yi wa tarihi ƙarya.

Anti_Malama:
Zee 'yata, tsofaffin sun tafi amma ba duka suka tafi da bakinsu ba. Ki nemi labarin Baba ta Karo. Tsohuwa ce da aka haifa wajen 1877, ta zauna da wata Baturiya Mary Smith a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa, aka buga shi da Turanci a 1954. Duk abin da kike nema yana ciki, wasan dandali, tsarance, ƙawance, zaman kishi, wankan jego, mahara da suka kama matan gidansu aka je aka fanso su. Kuma tambayarki ta ina soyayyar, ita ma ta amsa ta. Auren fari na zumunci ne ta yi shi don biyayya ga manya, daga baya ta fita ta auri wanda ranta yake so. Haka abin yake ga mata da yawa a da, budurwa manya ke zaɓa mata, bazawara ita ke da bakin magana. To ki ɗora labarinki a nan mana, yarinya ta yi wa wani alkawari a dandali, aka kai ta wani gida, shekaru suka ja, shi ya tafi fatauci ya yi nasa iyalin, sannan Allah ya sake haɗa su kowa ya sha duniya. Irin wannan ba ya yiwuwa a gajeren littafi, dole sai dogo.

Alƙalamin_Zee:
Anti Allah ya saka da alheri, wlh ban taɓa kallon abin ta nan ba. Zan neme shi.

Ummu_Sadiq:
Anti ke da alama kin karanta na Turawa ma ko?

Anti_Malama:
Sosai kuwa Ummu Sadiq. Mu a makarantar kwana ta 'yan mata da su muka tashi, Mills and Boon na yawo daga gado zuwa gado har bangon ya cire a ɗinke shi da zare da allura. Amma ni ƙananan ba sa isata, manyan nake ɗauka a laburare. Wanda ya fi zama min a rai shi ne Gone with the Wind na Margaret Mitchell, na 1936, ya haura feji dubu, a kan yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Abin da ya kama ni ba ma soyayyar ba ce, yadda za ki ga 'yar gata ta wayi gari tana tonon gona da hannunta don yaƙi ya cinye komai. Sai dai akwai abin da ba na yafe wa littafin nan, ya nuna bayi kamar suna jin daɗin bautar, kamar su ma ba sa son a 'yanta su. Ina faɗa ne don duk wanda zai rubuta namu zai ci karo da wannan, gidan sarauta da gidan attajiri na wancan zamani cike yake da kuyangi da ƙwaraƙwarai, a kasuwa ake sayar da mutum. In za a yi mana labarin gimbiya a gaya mana wace ce take daka mata furar, daga wane gari aka kamo ta.

Sadauki_01:
Anti da girmamawa, mu nishaɗi muke nema a littafin soyayya ba tonon asiri ba. Akwai gidajen da har yau ake gori da wannan maganar, a hana aure a kanta. Me ya sa za a tayar da ita?

Hajjo_Yola:
Sadauki ai shi ya sa ma ya kamata a rubuta. Tunda har yau ana hana aure a kanta ai ba ta kwanta ba ke nan. Tafawa Ɓalewa da kansa bai ɓoye ba, kuma tun 1934.

Abu_Hafsa:
Ni abin da nake jin tsoro daban ne. Ana cewa tarihi tarihi, gobe wani zai ɗauko gidan Shehu Usmanu ko Nana Asma'u ko wani sarki da jikokinsa suke raye ya ƙaga musu hirar soyayya da ba su yi ba, yara su karanta su ɗauka gaskiya ce. Wannan ƙarya ce ake yi wa bayin Allah da ba su da bakin kare kansu. A bar su a littafin tarihi inda malamai suka tantance.

Dalibin_Alkahira:
Abu Hafsa maganarka tana kan hanya, amma akwai yadda ake yi. Larabawa sun riga mu shiga wannan. Jurji Zaidan, mutumin Beirut da ya zauna a Masar, wanda ya kafa mujallar Al-Hilal a 1892 ya rasu a 1914, ya rubuta littattafai sama da ashirin a kan tarihin Musulunci, daga farkon zamani har Andalus da Abbasiyawa da Mamalik. Dabararsa mafi yawan lokaci ita ce ya ƙago saurayi da budurwa ya jefa su cikin babban al'amarin da ya faru da gaske, su ne ake raba su ake haɗa su, halifofi da sarakuna kuma suna wucewa da ayyukansu da aka sani. Har yau ana sayar da su a nan wajen masu tsofaffin littattafai, takarda ta yi ja amma ɗalibai na saye. Namu ma haka za a yi, jarumar ta zama 'yar marini ko 'yar maƙeri, ta ga tutar jihadi ta wuce ta ƙofar gidansu a 1804, an ɗauke yayanta an tafi da shi, ko ta zama ɗaya daga 'yan taru, matan da ke zuwa ɗaukar karatu wajen Nana Asma'u. Ba sai an sa wa Nana Asma'u magana a baki ba.

Abu_Hafsa:
Shi Zaidan ɗin ai malamai da yawa sun soke shi, sun ce ya cusa abubuwan da ba su inganta ba, kuma ya mai da manyan al'amura kamar soyayya ce ta haddasa su. Ka faɗi wannan ma.

Dalibin_Alkahira:
Gaskiya ne an soke shi, kuma wasu sukan suna da hujja, musamman inda ya taɓa mutanen gaske kai tsaye. Ni dabarar ƙago talakawa nake cewa a ɗauka.

Dan_Kurmi:
To in haka ne ni ga inda nake so a rubuta, basasar Kano. Sarki Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fita suka yi sansani a Takai ƙarƙashin Yusufu. Yusufu bai kai ga shiga gari ba ya rasu, ɗan'uwansa Alu ya karɓa ya shiga Kano a 1894, Tukur ya fita ta ƙasar Katsina aka ƙarasa a 1895. Tukurawa da Yusufawa fa 'yan uwan juna ne, jikokin Dabo ne dukansu, akwai auratayya a tsakani. Ku ɗauka mace mijinta yana wannan ɓangare ubanta yana wancan, ina za ta sa kanta? Ba a gama share hawayen wannan ba sai ga Turawa a 1903, aka kama Alu aka kai shi har Lakwaja inda ya rasu a 1926. Yaron da aka haifa a shekarar basasa ya ga jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya ga yunwar Kakalaba a 1914, ya ga an daina karɓar wuri an koma anini da kwabo, ya ga an fara tara dalar gyaɗa. Mutum ɗaya fa, rayuwa ɗaya. Wane ɗan mai kuɗin Abuja ne zai kai wannan labari?

Maman_Ilham:
Dan_Kurmi yanzu ka zo inda nake. Tsigar jikina har tashi ta yi.

Sadauki_01:
Basasa kuma? Ku dai yi a hankali, zuri'ar ɓangarorin biyu suna nan da ransu a cikin gari.

Bintu_Damagaram:
Sannunku 'yan uwa, ku kullum Kano Kano, ku tuna da mu mana. Damagaram a zamanin Sarki Tanimun har igwa ake ƙerawa a cikin birni, ayari na zuwa daga Tarabulus ta Agadas ya sauka a Zango. Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi har kusa da Kano kafin Faransawa su ci Zinder a 1899, kuma nan ce hedikwatar Nijar har 1926 da aka mai da ita Yamai. Mu nan an ɗan taɓa irin abin da kuke nema, Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin Sarauniya Mangu ta Lugu wadda ta tsaya wa sojojin Faransa na Voulet da Chanoine a 1899, ya fito a 1980, har aka yi fim ɗinsa a 1986. Amma da Faransanci ya rubuta, kakata da ta san waƙoƙin wancan lokaci ba za ta iya karanta shi ba, wannan ne yake min ciwo. Littattafan Hausa da muke karantawa a nan kusan duk daga Kano ake kawo su, kuma ba ka ganin garinmu a ciki sai in an ce mai gadi Buzu ne.

Yar_Maiwurno:
Salam daga Sudan. Ina karanta ku tun ɗazu hawaye na zubo min. Mu labarin da kuke nema shi ne asalinmu. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira zuwa gabas, jama'a suka bi shi maza da mata da yara, shi da jama'a da yawa suka yi shahada a Burmi a watan Yuli na shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka rage har suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, garin har yau da sunansa ake kiransa. Bayansu kuma alhazan ƙasa suka yi ta zuwa, tafiyar shekaru, a tsaya a yi noma a samu guzuri a ƙara gaba, wasu suka tsaya aikin auduga a Jazira ba su koma ba. Kakar mahaifiyata a hanya aka ɗaura mata aure, a hanya ta haihu, ta binne ɗa ɗaya a ƙasar Chadi, kuma har ta rasu tana ambaton wani da aka yi mata baiko da shi a gida wanda bai biyo su ba. Tana da wata 'yar tasa ta jan ƙarfe duk ta lotse, ta ce da ita ta fito daga ɗakin uwarta, ba ta yarda kowa ya ci abinci a ciki. In akwai marubuciyar da za ta rubuta wannan ni zan ba ta duk abin da na ji.

Ummu_Sadiq:
Allahu akbar. Allah ya jiƙansu da rahama. Zee kina ji dai ko?

Fatee_Gombe:
ni dai gsky dogon littafi yana gundurata, yawanci ja ne kawai ake yi don a kai book 4, a yi feji goma ana kwatanta kwalliya da girki. in labari ya kare a tsaya mana

Maman_Ilham:
Fatee wannan ja ne, ba tsawo ba, kuma ni ma ba na sonsa. A da da ake bugawa kashi-kashi, a yanke miki daidai inda ranki ya tsaya a ce mu haɗu a littafi na biyu, akwai na kasuwa a ciki, mai shagon haya ma ya fi son mai kashi huɗu don sau huɗu za ki biya. Tsawon da nake nufi shi ne lokaci ya wuce a cikin labarin, ki san mace tana yarinya mai rawar kai, ki gan ta da goyo, ki gan ta an yi mata kishiya, ki gan ta ta zama uwar gida ana jin tsoronta, har ranar da jikarta za ta yi irin kuskuren da ta yi ita kuma ta hana ta abin da aka hana ta. Sai kin yi doguwar tafiya da mutum kike gane me ya sa ya zama haka.

Hajjo_Yola:
Kun tuna shagon haya kuwa? A aiki ƙani da kuɗi a ƙulle a leda, ya dawo da littafi an naɗe shi da bangon kalanda, an rubuta lamba a goshinsa da biro, wasu sun yi rubutu a gefen feji suna zagin kishiyar. A cusa shi cikin littafin makaranta don kar Baba ya gani.

Malam_Na_Zariya:
Ɓoyon nan da Hajjo ta ambata shi ma yana cikin amsar tambayar farko. An daɗe ana kallon littafin soyayya a matsayin abin ɓata tarbiyya, har a 2007 aka ƙona wasu a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. To malamin da ya san tarihi ba zai so a ga sunansa a bangon irin wannan littafi ba, marubuciyar da ta iya jan zuciya kuma ba a buɗe mata ƙofar ɗakin ajiyar takardu ba. Ga kayan aiki nan jibge, Tarihin Kano, rubuce-rubucen Waziri Junaidu a Sakkwato, waƙoƙin fada da suka riƙe sunayen yaƙoƙi da garuruwa, kundayen digiri a Bayero da ABU da ƙura ta rufe.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Nobody ya ambaci hanyar goro, to mu ta nan muka zo. Kakanninmu fatake ne, su taso daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fata, madugu a gaba, wata da watanni kafin a kai Salaga a ƙasar Gwanja, a sayi goro a naɗe a ganye a juya. Da yawa suna da mata a gida suna da mata a zango, 'ya'ya ba su san juna ba. Da aka yi yaƙin Salaga a 1892 aka watse, wasu Kete Karachi wasu Kumasi wasu Ankara wato Accra, duk a nan Gana. Wannan ma saga ne ai.

Alƙalamin_Zee:
Kun sa na kasa barci. In na ce zan gwada na basasa ko na hijirar gabas, ku taimaka min da ƙananan abubuwa don su ne ke kayar da mutum. Sadaki da me ake biya? Me amarya take ɗaurawa? Da dare me ake kunnawa? Kuma ta yaya saurayi zai aika saƙo?

Anti_Malama:
Da wuri ake biya, ana ƙirga shi zambar-zambar, zambar ɗaya dubu ke nan. Zane saƙi ne na hannu da aka rina da baba, mai hali ya sa tsamiya ko barage, ga murjani da jigida da tozali. Jere na ƙore ne da tasoshi da faifai, kar ki kuskura ki sa mata kwanon samira ko gadon ƙarfe. Fitila ta man gyaɗa ce ko man kaɗe da lagwanin auduga, ba ashana, wuta a maƙwabta ake ɗebowa ko a ƙyasta. Saƙo kuwa ƙawa ce ko 'yar talla ko tsohuwa mai shiga gida-gida, a gidan sarauta jakadiya. In malami ne ya rubuta da ajami.

Dan_Kurmi:
Anti a ƙara da cewa ba shayi da burodi da safe, koko ne ko kunu ko ɗumame. Kuma ba kowa ke hawa doki ba.

Abu_Hafsa:
Zee in za ki yi, ki kai wa malamin tarihi ya duba kafin ki saki, kuma ki rubuta a farko cewa mutanen ƙagaggu ne. Ni har yanzu ban gamsu da a taɓa basasa ba.

Fatee_Gombe:
kuma dan Allah in an yi a karanta shi a YouTube, wasunmu sai muna aiki muke saurare

Maman_Ilham:
Na gode muku duka wallahi, ban zaci za a tanka haka ba. Zee ni dai na hijirar nake so ki fara, ki nemi Yar_Maiwurno ku yi magana ta gefe, in kuɗin shiga group ne ni ce ta farko da za ta biya ko da wata-wata za ki dinga saki. Amma har yanzu ina tambaya, tsakanin 1934 da yau ace ba wanda ya yi ko guda ɗaya mai kauri? Malam_Na_Zariya kai da kake kusa da masu bugawa, in akwai wanda ya ɓuya a wani kanti ka faɗa mana.

Sadauki_01:
Ni dai ko an rubuta ina ga 'yan kaɗan ne za su saya, yaran yanzu ko status mai tsawo ba sa karantawa.

Bintu_Damagaram:
Sadauki yaran nan da kake gani su ne ke kwana a kan fassarar fim ɗin Turkiyya mai kashi ɗari da wani abu na zamanin Usmaniyya. Zee in kin kai ayarinki gabas dan Allah ki bi da su ta wajenmu ko da kwana ɗaya ne, zan aiko miki da sunayen unguwannin birni.